Daniel Freeman da gonar eka 160: tambayoyi da amsoshi kan manoman farko na Nebraska

Wane ne Daniel Freeman, kuma me ya sa sunansa ke fitowa duk lokacin da aka taɓo tarihin gonakin kyauta a Amurka?

Likita ne da ya koma noma. An haife shi ranar 26 ga Afrilu, 1826 a gundumar Preble ta jihar Ohio, ya girma a Illinois, ya yi karatun likitanci a Cincinnati, sannan ya buɗe wurin duba marasa lafiya a garin Ottawa na Illinois. Sunansa ya shiga tarihi ne saboda takarda ɗaya. Ranar 1 ga Janairu, 1863, wato ranar da Dokar Homestead, mai ba wa mutum fili kyauta in ya zauna a kai ya noma shi, ta fara aiki, ya je ofishin filaye na Brownville a Nebraska, da ke bakin kogin Missouri, ya yi rajistar eka 160, aka rubuta masa lamba 1 a littafin ofishin. Gonar tana bakin rafin Cub, kimanin mil huɗu yamma da garin Beatrice a gundumar Gage. A nan ya zauna har ya mutu ranar 30 ga Disamba, 1908.

Da gaske shi ne na farko?

Labarin da aka riƙe shi ne yana aiki da sojojin Arewa a lokacin yaƙin basasar Amurka, kuma zai bar garin da sassafe, sai ya haɗu da ma'aikacin ofishin filaye a wajen bikin shiga sabuwar shekara, ya roƙe shi ya buɗe ofis da tsakar dare. Minti goma bayan sha biyun dare aka cike masa takarda. Sai dai a wannan rana kaɗai mutum 418 ne suka yi rajista a faɗin ƙasar, kuma kowane ofishi da nasa littafin da nasa mai lamba 1. Mahlon Gore na Vermillion a yankin Dakota, alal misali, shi ma an ce shi ne farau. Abin da ya fifita Freeman shi ne bai saki gonar ba, ya cika sharuɗɗa har ya karɓi takardar mallaka, ya kuma shafe sauran rayuwarsa yana tallata kansa a matsayin na farko. Gwamnati ta bi wannan, ta mai da gonarsa wurin tarihi.

Me dokar ta ce, filla-filla?

Shugaba Abraham Lincoln ya sa mata hannu ranar 20 ga Mayu, 1862. An daɗe ana ja a kanta, domin wakilan jihohin Kudu masu bayi suna tsoron kada Yamma ta cika da ƙananan manoma masu adawa da bauta, har Shugaba Buchanan ya ƙi sa hannu a kan irinta a 1860. Da Kudu ta ɓalle, sai hanya ta buɗe.

Mai nema dole ya kai shekara 21 ko ya zama magidanci, ya zama ɗan ƙasa ko wanda ya rubuta niyyar zama ɗan ƙasa, kuma bai taɓa ɗaukar makami a kan gwamnatin Amurka ba. Zai biya dala 10 kuɗin rajista da dala 2 ladan jami'in ofis. Daga nan sai ya tare a filin cikin wata shida, ya gina wurin zama, ya noma wani sashe, ya zauna shekara biyar. In ya bar wurin fiye da wata shida a jere, wani na iya kai ƙara a ƙwace. Bayan shekara biyar, kuma kafin bakwai su cika, zai kawo shaidu biyu su rantse cewa ya yi abin da doka ta ce, ya biya dala 6. Jimilla dala 18. Mai gaggawa kuma yana da wata ƙofa: bayan wata shida ya biya dala 1.25 a kowace eka, wato dala 200, ya karɓi takardarsa. Ta wannan ƙofar dillalan filaye suka yi ta shige da fice.

Akwai wani sashe da mutane ba su cika kula da shi ba, alhali ya shafi iyali ƙwarai. Ba a ƙwace filin don biyan bashin da mutum ya ci kafin takardar mallaka ta fito. Idan maigida ya mutu kafin shekara biyar, matarsa ko magadansa su ƙarasa, filin ya zama nasu.

Me ya sa eka 160 daidai?

Saboda yadda 'yan safiyo suka yanka ƙasar tun daga dokar 1785. Ana auna murabba'i mai mil shida kowane gefe, a raba shi gida 36, kowane gida mil ɗaya da mil ɗaya, wato eka 640. Rubu'in wannan shi ne eka 160, kusan hekta 65. Ana iya sake raba rubu'in gida huɗu, eka arba'in-arba'in.

Nan ne wayon Freeman ya fito. Bai ɗauki murabba'i guda kamar yadda yawancin mutane suke yi ba. Ya haɗa 'yan arba'in huɗu masu maƙwabtaka a siffar harafin T, yadda zai samu rafi, da kurmin itatuwa na bakin rafin, da fadama mai taushi, da tudu. Wanda ya san Nebraska ta wancan zamani ya san itace da ruwa su ne dukiya, ƙasa kuwa ga ta nan har ido ya gaji. A ganinmu wannan zaɓin, fiye da kowace jarumta da ake jingina masa, shi ya sa ya tsaya a inda wasu suka tattara.

Filin na wane ne kafin ya zo?

Na ƙabilun Otoe da Missouria ne. A 1854, shekarar da aka kafa yankunan Kansas da Nebraska, aka sa su suka sa hannu a yarjejeniyar da ta raba su da mafi yawan ƙasarsu, aka killace su a wani yanki a bakin kogin Big Blue, kan iyakar Nebraska da Kansas, ba nisa da gonar Freeman. A 1881 aka sake tayar da su zuwa ƙasar da yanzu ake kira Oklahoma. Saboda haka kalmar "kyauta" daga ɓangaren mai karɓa ce kawai.

Yaya iyalinsa suke?

Ya yi aure sau biyu. Matarsa ta fari, Elizabeth Wilber, sun haifi 'ya'ya uku tun yana Illinois. Ta biyu, Agnes Suiter, 'yar garin LeClaire ce a jihar Iowa, kuma da farko ƙaninsa James ne zai aure ta, sai ya mutu a yaƙin basasa. Daniel ya nemi aurenta ta wasiƙa, aka ɗaura ranar 8 ga Fabrairu, 1865, ya kawo ta gonar. Sun haifi 'ya'ya takwas, bakwai suka rayu har suka girma. Da suka kawo ƙarfi, wasunsu sun gina gidajensu a cikin gonar. Agnes ta rayu shekara 22 bayan mijinta, ta mutu a 1931, kuma kaburburansu biyu suna kan tudun gonar.

Yawan 'ya'ya a irin wannan gida lissafi ne na hannun aiki. Yaro ɗan shekara bakwai yana kiwo, yana ɗebo ruwa, yana tsinto makamashi. Aikin mace kuma shi ke riƙe gidan a shekarar da gona ta ƙi: kaji, tatsar shanu, kaɗa man shanu, lambu, dafa sabulu da toka da kitse, ɗinki. Ƙwai da man shanu su ake kaiwa kanti a yi musaya da gishiri, sukari, kananzir.

Me ya gina, kuma me ya shuka a shekaru biyar na farko?

Wannan an san shi dalla-dalla, domin takardar shaidar da maƙwabtansa biyu, Joseph Graff da Samuel Kilpatrick, suka sa wa hannu a watan Janairun 1868 tana nan a ma'ajiyar tarihi ta ƙasa. Sun ce ya gina gida ƙafa 14 da ƙafa 20, rabi da gumagumai rabi da katako, mai ƙofa biyu da taga biyu, rufin sassaƙen itace, daɓen katako. Ya huɗe ya shinge kimanin eka 35. Ya yi barga, da rumfar tumaki mai tsawon ƙafa 100, da rumbun masara. Ya dasa tuffa 40 da wajen 400 na ɗan itacen da suke kira fic. Takardar mallaka ta fito ranar 1 ga Satumba, 1869.

A lura da lambar nan: eka 35 cikin 160, a shekara biyar. Ƙasa da rubu'i ke nan, kuma a ma'aunin lokacin ya yi ƙoƙari. Daga baya iyalin sun gina gidan jan bulo mai bene, wanda gobara ta cinye a 1916.

Me ya sa huɗar farko take da wuya haka?

Ciyawar wannan fili ta daɗe dubban shekaru ba a taɓa ta ba. Samanta kan wuce tsayin mutum a shekara mai ruwa, saiwoyinta kuma sun saƙu kamar tabarma mai kaurin taƙi. Garmar zubin ƙarfe da aka zo da ita daga Gabas ba ta yi, ƙasa na manne mata, sai an tsaya ana kankarewa kowane 'yan taku. Garmar ƙarfe mai santsi irin wadda John Deere ya fara ƙerawa a Illinois a 1837 ita ta warware wannan, domin ƙasa na zamewa a kanta.

Ga yadda ake yi. Ana ɗaura shanun huɗa, sau da yawa fiye da biyu. An fi son shanu a kan dawakai saboda sun fi arha, sun fi juriya, kuma ciyawa ta ishe su ba sai hatsi ba. Ana yanka sama-sama, inci biyu zuwa uku, a kife ɓangorin ciyawar ya kwanta ruf da ciki. Lokacinsa Mayu zuwa Yuni, sa'ad da ciyawa take ɗanya shar. In an yi da wuri ta sake tsirowa, in an makara saiwa ba ta ruɓewa kafin sanyi, shekara ta tafi a banza. Bakin garma na dakushewa da sauri, don haka manomi na tafe da zarto a aljihu.

Garma mai yanka faɗin ƙafa ɗaya tana sa mutum ya taka mil takwas da kwata kafin ya gama eka guda. Eka 35 ɗin Freeman ke nan kusan mil 290 a bayan shanu, huɗar farko kaɗai.

Shukar shekarar farko masara ce: a sara kifaffen ɓangorin da gatari, a jefa ƙwaya uku ko huɗu, a take da dunduniya. Ba a noma ta, kuma amfanin kaɗan ne. Sai shekara ta biyu, bayan an sake huɗa a gicciye, ƙasa take karɓar alkama.

Shin kowa ya samu gumagumai kamar shi?

A'a, kuma wannan shi ne bambancin gabashin Nebraska da yammacinta. Wanda ya makara ya tarar bakin rafuka sun cika, sai tsakiyar fili inda ba ko kara. Irinsu suka yi gidan tubalin ciyawa. Ana yanka ƙasa mai saƙaƙƙiyar saiwa, faɗin ƙafa ɗaya ko ɗaya da rabi, kaurin inci huɗu, tsawon ƙafa biyu zuwa uku. Ana jera su ciyawa na kallon ƙasa, layi biyu ko uku a kauri, kuma bayan kowane hawa uku ko huɗu a gicciya ɗaya don ya ɗaure bangon. Abin da aka yanka da safe a gina shi a ranar, in ya bushe marmashewa yake. Gida matsakaici na cin kusan eka guda.

Dole a bar rata a saman taga da ƙofa, a cusa tsumma ko ciyawa, saboda bango na zaunawa; wanda ya manta, nauyi zai fasa masa gilashi. Gidan yana da ɗumi lokacin sanyi, yana da sanyi lokacin zafi, wuta ba ta cinsa. Aibinsa rufi. Bayan ruwan sama ya ɗauke a waje, a ciki yana ci gaba da ɗiga kwana biyu, ga ɓeraye da macizai da ƙuma. Matan gida kan shimfiɗa yadi a ƙarƙashin rufin don kada ƙasa ta faɗa cikin tukunya.

Makamashi kuwa kandilo ne, na shanu ko na ɓaunar daji, da totuwar masara, da busasshiyar ciyawa da ake murɗawa tamau. A shekarar da farashin masara ya faɗi, masarar kanta ake turawa a murhu.

Da me ake shinge inda ba itace?

Da shuka mai ƙaya. Freeman ya dasa layin wani itace da ake kira lemun Osage a iyakarsa, kuma layin yana nan har yau. Dabarar ta yi kama da shingen aguwa: a dasa kusa-kusa, a riƙa datsewa da lanƙwasa rassan suna shiga juna, bayan shekara huɗu ko biyar sa ba ya iya ratsawa. Kafin ya kai haka, yara ne shinge. Da Joseph Glidden na DeKalb ya samu rajistar waya mai ƙaya a 1874, dasa shinge ya ja baya, sai aka koma saran itacen ana yin turakun waya da shi, don ba ya ruɓewa a ƙasa.

Wane bala'i ne ya fi korar mutane?

Fara ta 1874 ita ce ba a manta ba. Ta sauko a tsakiyar bazara kamar hadari, ta cinye masara har kara, ta ci ɓawon itatuwa, da shanya a igiya, da linzamin fata, ta gaigaye ƙotar fartanya saboda gishirin gumi. Jiragen ƙasa sun kasa hawa tudu don santsin farar da suka murƙushe. Ruwan rijiyar da ba a rufe ba ya lalace. Abin ya kai majalisar ƙasa ta yi doka ta ba waɗanda fara ta shafa izinin barin gonakinsu na wani lokaci su je neman aiki ba tare da an ƙwace ba. Abin mamaki, wannan nau'in farar ya ƙare ƙaf a duniya a farkon ƙarni na 20.

Sai gobarar daji a kaka, wadda maganinta shi ne a huɗe layi biyu kewaye da gida da tarin ciyawa, a ƙone tsakaninsu ranar da ba iska. Sai guguwar dusar ƙanƙara. Ta 12 ga Janairu, 1888 ta taso da rana tsaka bayan safiya mai ɗumi, ta ritsa da yara a makarantu, mutum sama da 200 suka mutu a yankin. Sai farin shekarun 1890, musamman 1894.

Amma abin da ya fi cin mutane a hankali shi ne rashin jari. Fili kyauta ne, shanu da garma da keken shanu da iri da abincin shekara guda kafin girbin farko ba kyauta ba ne. Tun da ba ka da takardar mallaka, ba ka iya jinginar da gonar, sai dai ka jinginar da shanunka a kan ruwa mai tsada. Shekara ɗaya ta ɓaci, mai bashi ya kora shanun, shi ke nan ba abin huɗa. Da yawa sukan sayar da haƙƙinsu ga wani a ɓoye, su je ofis su rubuta sun saki, mai saye na tsaye a bayansu yana jiran ya yi rajista.

Eka 160 ba ta isa iyali ba ne?

A gundumar Gage ta isa, domin ruwan sama na wadatar da masara. Can yamma, inda ruwa ke raguwa, ba ta isa. John Wesley Powell ya faɗa tun 1878 cewa gonar kiwo a busasshen yanki tana bukatar eka 2,560, ba a saurare shi ba. Sai a 1904 Dokar Kinkaid ta ba da eka 640 a yammacin Nebraska, a 1909 aka yi wata dokar ta eka 320, a 1916 wata ta eka 640 don kiwo.

Mata da baƙaƙen fata sun samu?

Sun samu. Budurwa mai shekara 21, da bazawara, da wadda miji ya gudu ya bari, duk suna iya rajista da sunansu; matar aure ce ba ta iya yi sai in ita ce ke riƙe da gida. Baƙaƙen fata sun shiga sosai bayan dokokin 1866 da 1868 sun tabbatar musu da zama 'yan ƙasa, har suka kafa garuruwa irin su Nicodemus a Kansas a 1877 da DeWitty a Nebraska.

Ban da noma, me Freeman ya yi?

Ya ci gaba da duba marasa lafiya, ya riƙe muƙamin mai binciken musabbabin mutuwa na gunduma, ya kuma yi shugaban 'yan sandanta. Mutum ne mai kafiya, kuma shari'arsa da makarantar unguwa ta nuna haka. A 1899 malamar makarantar, Edith Beecher, tana karanta Baibul da addu'a da waƙoƙin coci a aji. Freeman ya ce ta daina, ta ƙi, hukumar makarantar ta goya mata baya. Ya kai ƙara kotun gunduma ya faɗi, ya ɗaukaka zuwa kotun ƙolin Nebraska, wadda a 1902 ta ba shi gaskiya, ta ce tsarin mulkin jihar ya hana koyarwar ɗariƙa a makarantar gwamnati. Wannan shekara sittin ke nan kafin kotun ƙolin Amurka ta yanke irin hukuncin. Makarantar, ɗaki ɗaya na jan bulo da aka gina a 1872, ta yi aiki har 1967.

Ta yaya ake bin diddigin tarihin iyali irin wannan?

A fara da takardar mallaka. Hukumar kula da filayen gwamnatin Amurka ta sa hotunansu a intanet, ana nema da suna da jiha. Daga takardar za a samu sunan ofishi, da lamba, da bayanin safiyo na filin. Da waɗannan ukun ake neman cikakken fayil a ma'ajiyar tarihi ta ƙasa, kuma fayil ɗin ne mai nama: takardar nema, rasit, rantsuwar shaidu, wani lokaci takardar zama ɗan ƙasa ko ta sallama daga soja, har da yawan 'ya'ya. Sunayen shaidu abin lura ne, don sau da yawa surukai ne ko 'yan gari ɗaya da suka yi ƙaura tare. Sai a haɗa da ƙidayar jama'a ta kowace shekara goma, a tuna cewa mafi yawan takardun ƙidayar 1890 gobara ta lalata su a 1921.

Inda ake tuntuɓe: magatakarda na rubuta suna yadda kunnensa ya ji, don haka a gwada rubutu iri-iri. Wanda ya saki filinsa kafin shekara biyar ba shi da takardar mallaka, sai a neme shi a littattafan rajista na ofishin yankin. Kuma ba duk abin da shaidu suka rantse a kai ne gaskiya ba, maƙwabta kan yi wa juna kara.

Yaushe aka daina, kuma me ke gonar yanzu?

An soke dokar a 1976, aka bar wa Alaska har 1986. A tsawon rayuwarta an ba da kimanin eka miliyan 270 a jihohi 30, kusan kashi goma cikin ɗari na ƙasar Amurka, ga mutum wajen miliyan 1.6. Na ƙarshe shi ne Ken Deardorff, wanda ya nemi eka 80 a bakin kogin Stony a Alaska a 1974, takardarsa ta fito a 1988.

Gonar Freeman ta zama wurin tarihi na ƙasa a 1936 da sa hannun Shugaba Franklin Roosevelt, aka ɗaga matsayinta a 2021. An mai da kimanin eka 100 ciyawar asali kamar yadda ya tarar. Gidansa na gumagumai ba ya nan. Wanda baƙi ke shiga na George Palmer ne, da aka gina a 1867 a wata gona ta kusa aka ɗauko shi daga baya, ƙafa 14 da 16, inda miji da mata da 'ya'ya goma suka zauna.